Yadda ake sauke ƙaramin jirgi idan inji ya mutu a sararin Sakkwato

Duk ɗalibin da na koya wa tuƙi, akwai ranar da nake miƙa hannu ba tare da na faɗa masa ba, in ja totur baya gaba ɗaya, in ce masa, "Injinka ya mutu. Ina za mu sauka?" Na yi wannan sau ba adadi, kuma abin da nake gani kusan kullum iri ɗaya ne: hannun ɗalibi ya ja sitiyari zuwa ƙirjinsa, idonsa ya kafe a kan agogunan gabansa, ƙasa kuwa ba ya ko kallonta. Wannan jan sitiyarin shi ke kashe mutane, ya fi mutuwar injin kanta haɗari.

Fiffike ba ruwansa da inji, iskar da ke bi ta kansa ita ke ɗauke da jirgi. Muddin ka riƙe gudun da ya dace, jirgin da injinsa ya mutu yana nan yana tafiya, yana jin sitiyari, sai dai yana sulalowa ƙasa a hankali kamar shirwar da ta daina kaɗa fuka-fukai. Zan yi misali da Cessna 172 domin ita ce ta fi yawa a hannun masu koyo. Ka sani gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa, tsayi kuma da ƙafa. Abin da na rubuta nan ba zai maye gurbin littafin jirginka ko malamin da ke zaune kusa da kai ba.

Kayan da za su kasance tare da kai

- Littafin jirgin, da takardar matakan gaggawa a inda hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba. Lambobin cikinta kuwa ka haddace su.
- Kofin gwada mai da sandar auna tanki. In babu kofin, ƙaramar kwalba mai tsabta wadda ake ganin cikinta ta isa. In babu sandar, ka cika tankin har baki ka gani da idonka, kada ka dogara da agogon mai.
- Taswirar takarda, da waya mai nuna inda kake, da abin cajinta. Zafin Afrilu yana kashe waya idan ta daɗe a rana a gaban gilashi, don haka ka ajiye ta a inuwa.
- Rediyon hannu. In ba ka da shi, ka adana lambar hasumiyar filin jirgi a wayarka kafin ka tashi.
- Ruwan sha, aƙalla lita uku ga kowane mutum. Kayan taimakon farko, abin kashe gobara, ƙaramar wuƙa ta yanke bel, da ƙaramin madubi na haska wa masu nema.
- Rufaffen takalmi da tufafin auduga. Fasinja mai babbar riga ko rawani ya riga ya samu abin kare fuskarsa, in ya naɗe su.

1. Tun kana ƙasa

Da yawa daga injinan da ke mutuwa a sama lafiyarsu ƙalau, mai ne bai kai gare su ba: ko ya ƙare, ko makunnin tanki yana kan wanda ya bushe, ko akwai ruwa a ciki. Saboda haka rabin wannan aikin a ƙasa ake yin sa.

Ka hau ka buɗe kowane tanki, ka auna. Ka tatso mai daga kowace kafa ta ƙarƙashin fiffike da ta ƙarƙashin inji, ka ɗaga kofin sama ka duba. Man irin waɗannan jiragen, 100LL, shuɗi ne garau. Ruwa ya fi shi nauyi, za ka gan shi kwance a gindin kofi. Ka yi hattara da kofin da ka ga fari fat babu rabuwa, yana iya zama ruwa ne zalla. A nan arewa sau da yawa a duro ake kawo wannan man, kuma duron da ya kwana a waje da damina ba a yarda da shi. Bayan an zuba, ka ba shi kamar minti 15 ya kwanta kafin ka gwada. Na taɓa tatso kofi huɗu a jere duk da ruwa, da safe bayan an kwana ana ruwan sama, robar murfin tankin ce ta tsufa. In kana shakkar an haɗa maka da man manyan jirage, ka ɗiga kaɗan a farar takarda: namu yana bushewa ba tabo, wancan yana barin maiƙo kamar kananzir. Akwai ƙananan jiragen da shi ne abincinsu, irin Diamond DA40 NG, don haka ka san naka.

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ka sauka da ragowar man minti 30 idan da rana ne. Ni awa ɗaya nake bari, domin filayen jirgi a yankinmu ba kusa da juna suke ba.

Sai zafi. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana kan tsayin kusan ƙafa 1,000 daga teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 42, fiffike da inji ji suke kamar suna ƙafa 4,500. Jirgi zai ci titi da yawa, ya hau sama da ƙyar, wato za ka daɗe a ƙasa-ƙasa inda zaɓi ya yi kaɗan. Ka tashi da sassafe in da hali. Ranar da hazon hunturu ya rufe har ba za ka ga ƙasa daga ƙafa 3,000 ba, ka zauna gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin ka shiga titi, ka nuna wa fasinjanka yadda ake buɗe ƙofa da kwance bel. Sannan ka faɗa da bakinka, a bayyane, abin da za ka yi in inji ya mutu a lokacin tashi. Zan zo kansa a mataki na 9.

2. Kana tafiya, kana zaɓen fili

Ka tashi sama gwargwadon abin da gani ya ba ka dama. Cessna 172 tana tafiyar kusan kilomita 2.8 a kan kowace ƙafa 1,000 da ta sauko, in babu iska. Ga kuskuren da masu koyo ke yi a nan: agogon tsayi daga teku yake ƙidaya. In ya nuna 4,500 a saman Sakkwato, tsakaninka da ƙasa 3,500 ne kawai. Wannan zai ba ka kamar kilomita 9 zuwa 10, da minti huɗu da ɗan wani abu. Lokaci ne mai yawa ga wanda ya san abin yi.

Ka saba wa kanka tambayar "in ya mutu yanzu fa?" duk bayan ƴan mintuna, ka kuma riƙa sanin daga ina iska take. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, amma ka tabbatar da hayaƙin masu ƙona sharar gona, ko ƙurar da mota ta tayar a hanyar karkara. Wajen tsara hanya kuma ka tuna akwai yankuna, musamman gabashin jihar, da sauka lafiya ba ita ce ƙarshen damuwa ba saboda halin tsaro. Ni ina kewaye su ko da tafiya za ta ƙaru.

3. Inji ya mutu: gudu tukuna

Kada ka taɓa rediyo, kada ka fara lalube. Ka daidaita hancin jirgi zuwa gudun shawagi, wato gudun da zai kai ka mafi nisa. A Cessna 172S not 68 ne, a tsofaffin 172 not 65, a Cessna 152 not 60, a Piper Warrior not 73. In kana tafiya da gudun da ya wuce haka, ka riƙe tsayinka har gudun ya sauko da kansa, sannan ka saki hanci. Da ka same shi ka murɗa tirim, ƙaramin faifan da ke ɗauke wa hannu nauyin sitiyari, har jirgin ya riƙe gudun ba sai ka danne shi ba. Wanda bai yi tirim ba, da zarar ya juya kansa neman fili, gudun ya ɓace masa.

Farfela za ta ci gaba da juyawa saboda iskar da ke bugunta. Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka inji na aiki.

In agogon gudu ya samu matsala, ka sa jirgin a zaman da yake yi lokacin tafiya miƙe, ƙasan fiffike a kwance daidai da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Wannan zaman yana kusa da gudun shawagi.

4. Zaɓi fili, ka juya gare shi

A nan zan daɗe, domin matuƙi a ƙasar Sakkwato sai ya iya karanta ƙasa yadda manomi ke karanta ta. Filin da ya yi kyau a Janairu tarko ne a Agusta.

Ka fara duba kusa: ƙarƙashinka, gefen hagu, gefen dama, har bayanka. Ɗalibai suna son hango nesa su bar fili mai kyau a ƙarƙashin fiffikensu. Ga yadda za ka san inda za ka kai: ka dubi wuri ta gilashin gaba. In yana hawa sama a gilashin, ba za ka kai ba. In yana yin ƙasa, za ka wuce shi. Wurin da ya tsaya bai motsa ba, nan ne iyakarka. In iska mai not 15 tana bugun hancinka, ka cire kashi ɗaya cikin biyar na nisan da kake zato. Filin jirgi kuwa, in ba ka tabbata za ka kai shi da rarar tsayi ba, ka manta da shi. Tsakaninka da shi akwai gidajen mutane.

Abin da ya fi duka shi ne fako, ƙasa mai tauri wadda ba a nomawa. Daga sama za ka gan ta fari-fari ko ja-ja, shimfiɗe, ba layuka. Ka lura da suri da ƙananan kwazazzabai da ruwa ya ci a gefenta. Bayan fako sai gonar jigawa da aka girbe. Matsalarta kunya ce. Dole ka sauka tare da kunyoyin, ƙafafun jirgi suna bin tsawonsu. In ka gicciye su, ƙafar gaba za ta karye, jirgin ya kifa. Ko da iska ta ɗan zo ta gefe, gara ka bi kunya. Ka kuma ƙirga itatuwa, domin gonakinmu ba sa rasa gawo, ko kuka, ko dogon yaro a tsakiya, kuma faɗin fuka-fukan 172 mita 11 ne.

Fadamar Rima, daga Goronyo zuwa Wurno har ta wuce Kware da Wamakko, ita ce ke yaudarar baƙo. Ga ta kore shar, ga ta shimfiɗe kamar tabarma. Koren nan da rani yana nufin ruwa: shinkafa, albasa, fangali-fangali, magudanai, injinan ban-ruwa da mutane a duƙe suna aiki. Taya na shiga laka za ta tsaya cak, jirgi ya wuntsila. Haka yashin tsakiyar gulbi da ya ƙafe, yana haɗiye taya. In ba ka da wani wuri sai su, ana tsira a cikinsu, amma ka sa a ranka jirgin zai iya kifewa, ka ɗaure bel tamau. Tuddan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai suna da tauri, sai dai duwatsu a warwatse da gangare mai tsini a bakinsu.

Da damina, daga Agusta zuwa Satumba, gero da dawa sun fi mutum tsawo. Ba mugun wuri ba ne. Karan yana tsayar da jirgi a hankali, kamar katifa. Ka ɗauki saman amfanin a matsayin ƙasa, ka sauka a kansa da mafi ƙarancin gudu.

Kwalta fa? Kowa ita yake fara ambata. Hanyar Gusau, ko ta Illela, ko ta Bodinga zuwa Tambuwal, daga sama kamar titin jirgi suke. Amma hanya mai layi biyu ba ta kai faɗin fuka-fukanka ba, kuma akwai turakun wuta, da wayoyin da ke tsallaka ta waɗanda ba za ka gani ba sai ka zo kansu, ga tireloli, ga ƴan kabu-kabu, ga shanu. Ranar kasuwa kuwa ba a magana. Mutanen da ke kan hanya ba su suka ɗora ka a jirgi ba, bai kamata ka kai musu haɗarinka ba. Ni na fi son gonar da ke gefen hanya: ka sauka a gona, taimako ya zo maka ta kwalta. Duk inda ka zaɓa, ka nemi turaku, kada ka nemi waya. In ka ga turaku biyu, akwai waya a tsakaninsu.

Da ka zaɓa, ka tsaya a kai. An yarda ka canza sau ɗaya, kana sama, in ka ga abin da bai yi ba. Mai canza fili sau uku tsakanin filayen yake sauka.

5. Gwada tayar da injin

Sai yanzu, kuma in tsayi ya ba ka dama. Ka bi da hannunka daga ƙasa zuwa sama, ka taɓa kowane abu:

Makunnin tanki ya koma kan BOTH, wato tankuna biyu a tare. A jiragen Piper babu wannan, sai hagu ko dama, don haka ka koma ɗaya tankin, ka kunna famfon mai na lantarki, ka ba shi kamar daƙiƙa goma mai ya iso. Maɓallin nan mai launin ja da ke haɗa mai da iska ka tura shi ciki. In jirginka mai kafireto ne, ka ja maɓallin ɗumama shi. Mutane suna mamaki in na ce ƙanƙara tana toshe kafireto a Sakkwato, amma iska na yin sanyi ƙwarai a maƙogwaronsa, kuma da damina, ga laima ga zafin digiri 25 zuwa 30, hakan na faruwa. In ka ja maɓallin inji ya ƙara tari, kada ka mayar, ƙanƙarar ce ke narkewa. A 172S babu kafireto, famfon mai za ka kunna. Daga nan mabuɗi: ka tabbata yana kan BOTH, ka gwada hagu, ka gwada dama, domin injin na da magineto biyu masu ba fulogi wuta, ɗaya na iya lalacewa ɗayan ya riƙe injin. In farfela ta tsaya cak, ka murɗa mabuɗin kamar za ka tayar a ƙasa.

Kada ka ɓata lokaci a nan in ka ji ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe, ko baƙin mai ya fantsamo gilashi, ko ka ga hayaƙi da wuta. Wuta kam, rufe mai za ka yi nan take, ba a sake tayarwa.

In injin ya tashi, ko kuma yana aiki rabi-rabi, kada ka amince masa. Ka hau sama in zai iya, ka bi ta saman filaye masu kyau zuwa wurin sauka mafi kusa, kana ɗaukar cewa zai sake mutuwa kowane lokaci.

6. Rediyo da fasinja

Ka yi kira a tashar da kake magana da ita. In ba amsa, ka koma 121.5, tashar gaggawa, jiragen da ke wucewa can sama suna saurarenta. Ka sa 7700, lambar gaggawa, a tiransifonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage. Kiran da Turanci ake yin sa: MAYDAY sau uku, lambar jirginka, cewa inji ya mutu, inda kake, inda za ka sauka, da yawan mutanen da ke ciki. Wurin da kake shi ya fi komai muhimmanci, ka ambaci gari ko hanya da nisanka daga filin jirgi. In suka fara jero maka tambayoyi alhali kana buƙatar hankalinka, ka ƙyale su. In jirginka na da makunnin na'urar kiran ceto mai aika sigina a 406, ka kunna ta tun kana sama.

Fasinja kuma ka gaya masa gaskiya a taƙaice, da murya a kwance: "Alhaji, inji ya tsaya, za mu sauka a gonar can. Ka ɗaure bel sosai, ka cire tabarau, ka riƙe rigar nan a fuskarka in na ce maka." In ya kama salati ka bar shi, kai ma ka yi, hannunka na kan aikinsa. Abin da za ka hana shi kawai shi ne taɓa sitiyari da feda.

7. Tsara saukowa

Burinka ka kasance a ƙafa 1,000 daga ƙasa, kana gefen filin, iska na bayanka, wurin da za ka taɓa yana daidai bakin fiffikenka. Daga nan saukar ta zama irin wadda ka saba yi a titi, sai dai ka matso kusa fiye da kullum. In ka iso da tsayi da yawa, ka zagaya a saman filin, kada ka yi nisa da shi, kada kuma ka juya masa baya har ya ɓace maka.

Ka nufi kashi ɗaya cikin uku na tsawon filin, ba bakinsa ba. Gara ka wuce ka bugi shingen ƙarshe kana tafiyar keke, da ka gaza ka bugi na farko da cikakken gudu. Filaf, wato faifan bayan fiffike da ake saukarwa, kada ka taɓa shi sai ka tabbata za ka kai. Ka ba da kaɗan-kaɗan, cikakke sai a ƙarshe. In har yanzu kana sama da yawa, ka sauko a karkace: fiffike ɗaya ƙasa, fedar ɗaya gefen a take, jirgin zai zubar da tsayi ba tare da gudu ya ƙaru ba. Ko ka yi ƴan lanƙwasa hagu da dama.

In kuwa ka ga ba za ka kai ba, a nan ne jarrabawar take. Zuciya za ta ce ka ɗaga hanci ka ɗan ƙara nisa. Ɗaga hanci rage nisa yake yi, kuma in gudu ya faɗi ƙasa da not 48 a 172S ba filaf, fiffike zai saki iska, jirgi ya faɗo ta hanci. Ka riƙe gudunka, ka karɓi abin da ke gabanka, ko da ba shi ka zaɓa ba.

8. Rufe komai, ka taɓa ƙasa

Da ka tabbata saukar ta zama dole, ka ja jan maɓallin baya gaba ɗaya, ka rufe mai, ka kashe mabuɗi. Babban makunnin batir shi ne na ƙarshe, domin filaf ɗin 172 da lantarki yake aiki, in ka kashe da wuri ka rasa shi da rediyo. Ka buɗe sakatar ƙofofi kafin a taɓa ƙasa, domin in jikin jirgi ya lanƙwashe ƙofa na maƙalewa. Ka cusa takalmi ko hula a bakinta don kada ta koma.

Ka fuskanci iska in fili ya yarda. Dalilin lissafi ne: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninki huɗu yake yi. An gina kujeru da bel na ƙananan jirage su jure tsayawa mai tsanani, ta yadda mai gudun kilomita 80 a awa zai iya tsira in ya samu ko mita uku na jan jiki kafin ya tsaya, mai gudun 160 kuwa sai ya samu fiye da mita 11. Don haka ka taɓa ƙasa a hankali iyakar iyawarka, fuka-fukai a daidaice, tayoyin baya su fara, sitiyari a ƙirji don ƙafar gaba ta daɗe a sama. In itatuwa biyu suka tare ka, ka ratsa tsakaninsu, fuka-fukai su sha bugun, ɗakin da kuke ciki ya wuce. Jirgin ya riga ya zama na kamfanin inshora. Ka ci gaba da tuƙa shi har ya tsaya cik.

In ruwa ne kaɗai gabanka, kamar madatsar Goronyo, ka sauka kusa da gaɓa, ƙofofi a buɗe, kada ka kwance bel sai motsi ya ƙare. Mai jirgin Cirrus kuwa yana da lema ta jirgin gaba ɗaya, ya ja ta da wuri kamar yadda littafinsa ya ce, kada ya jira sai ya kusa ƙasa.

9. In ya mutu kana cikin tashi

Wannan shi ya fi kowanne tsanani, kuma matakan da ke sama ba za su samu lokaci ba. In tayoyi na ƙasa, ka ja totur baya, ka taka birki. In ka ɗaga amma akwai sauran titi, ka sauka a kai. Titin Sakkwato kusan kilomita uku ne, don haka ka fara daga farkonsa, kada ka yarda ka tashi daga tsakiya don sauri.

In titi ya ƙare, hancinka yana sama, gudu zai zube cikin daƙiƙu kaɗan. Ka tura sitiyari gaba nan take, sosai, har ka samu not 70 a 172S. Ka sauka a abin da ke gabanka, kana iya karkata kaɗan hagu ko dama don kauce wa gini ko itace. Kada ka juya ka koma titi. Komawar ta fi rabin da'ira, kuma a karkatar digiri 45 gudun da fiffike ke sakin iska yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin 100, a digiri 60 kuwa kashi 41. Ni ƙasa da ƙafa 1,000 daga ƙasa ba na ko tunaninta, sama da haka ma sai wanda ya gwada ta da malami can sama ya san ƙafa nawa take ci a jirginsa.

10. Bayan an tsaya

Ku fita, ku yi nisa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ka tsayar da jini in akwai. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ja shi sai in ana tsoron wuta. Ka kira hasumiya, ko 112, ka karanta musu lambobin wurin daga wayarka. Ku zauna kusa da jirgin a inuwa, shi ake hangowa daga sama.

A ƙasarmu ba za ka yi minti goma ba jama'a sun kewaye ka, kowa na tambayar mi ya faru. Ka yi sallama, ka nemi dattijo, ka roƙe shi a aika wa maigari. Ka ce masa, "Baba, don Allah a janye yara, akwai fetur, kada kowa ya kunna ashana ko taba, kada a taɓa farfela." Farfela na iya tayar da inji in wayar magineto ta tsinke, ko da mabuɗi na aljihunka. Kada ka bari a ja jirgin ko a kwance wani abu daga jikinsa kafin hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta ba da izini, kuma a sanar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA. Ko jirgin bai yi ko ƙwarzane ba, kada ka gwada tashi daga gonar. Mai gonar kuma ka nemi sunansa a gaban maigari, a kimanta ɓarnar da aka yi masa, a biya shi.

11. Yadda za ka yi atisaye

Ka yi shi da malami, aƙalla sau ɗaya duk wata biyu ko uku, a lokuta dabam-dabam na shekara, domin ka ga yadda fili ɗaya ke sauya kama daga kaka zuwa bazara. Ana jan totur ne kawai, ba a kashe inji. Ka ja maɓallin ɗumama kafireto, ka riƙa ba injin wuta na ƴan daƙiƙu duk bayan ƙafa 500 zuwa 1,000 don kada fulogi su toshe atisaye ya koma gaske. A ƙafa 500 daga ƙasa ka ba da wuta ka tashi, nesa da ƙauyuka da garken dabbobi. In kana son ka kai har ƙasa, ka nemi izinin hasumiya ka yi a titi: ka ja totur kana gefen titin a ƙafa 1,000, ka ga ko za ka taɓa inda ka nufa ba tare da ka sake taɓa shi ba.

In kuɗin awa ya yi maka tsada, akwai atisayen da ba a biya. Ka zauna a jirgi a ƙasa, ido a rufe, ka bi mataki na 5 da na 8 da hannunka har yatsunka su san wurin kowane maɓalli. Sannan duk filin da ka zaɓa daga sama, ka sa masa alama a taswira, ranar da ka samu sarari ka hau mota ka je ka taka shi da ƙafarka, ka duba zurfin kunyarsa, da taurin ƙasarsa, da wayar da ba ka hango ba.